Tarihin Kan Sarkin Haraji da Masu Tara Shi

Kowa ya san kan sarki, watau 'yar takardar nan mai danƙo a baya wadda a kan liƙa wa wasiƙa kafin a kai ta gidan waya. Amma yana da wani wa, wanda ya girme shi da shekara fiye da metan, ba ya kuwa tafiya ko'ina. Aikinsa shi ne ya zauna a jikin takarda ya shaida an biya gwamnati haƙƙinta. Shi ne kan sarkin haraji, wanda a kan manna wa rasit, da lasin, da takardar cinikin gida, da ta jingina. Akwai mutane a Turai da Amurka waɗanda suka mai da tara shi abin sha'awarsu, har su kan ba da dukiya mai yawa a gwanjo domin su sami guda ɗaya tak. Abu biyu su ke bi: kyan zane da wuyar samu. In mun bi tarihinsa za mu ga kyan nan tsoron ɓarayi ne ya haife shi, wuyar samun kuwa sakacin masu ajiya ne ya jawo yawancinta.

Asalin wannan haraji daga ƙasar Holan ya ke, cikin 1624. Dabarar mai sauƙi ce. Maimakon a aika 'yan doka su bi gida gida, sai a ce takardar da ba ta da hatimin gwamnati ba ta da ƙarfi a gaban alƙali. Da haka mai biya ne da kansa zai zo neman mai karɓa. Ingila ta ɗauki wannan dabara cikin 1694, zamanin da ta ke yaƙi da Faransa tana bukatar kuɗi. An ce na shekara huɗu ne kaɗai, amma har yanzu ana biyan wani irinsa a can a kan cinikin gidaje.

A lokacin nan ba a san kan sarki mai danƙo ba tukuna. Hatimin ƙarfe ne a ke matsa wa takarda da ƙarfi har siffarsa ta fito tudu tudu, ba tawada. Manyan takardun shari'a kuwa a fata a ke rubuta su, fata kuma ba ta riƙe hatimi da kyau. Saboda haka sai a buga hatimin a wata 'yar shuɗiyar takarda, a maƙala ta a fatar da ɗan siririn ƙarfe, sa'an nan a rufe bakin ƙarfen ta baya da wata takarda mai tambarin sarki, don kada a cire a mayar a wani wuri. Ka ga tun daga farko hankalin Baitulmali yana kan ɓarawo.

Cikin 1765 wannan hatimi ya ta da fitinar da ba a zata ba. Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa cikin 1763, bashi ya yi mata katutu, sai Majalisar Landan ta ga ya kamata mutanen ƙasashenta na Amurka su ɗauki wani abu daga cikin nauyin. Aka yi doka cikin watan Maris, wadda za ta fara aiki ran 1 ga Nuwamba, cewa jaridu da takardun kotu da lasin duk sai a takarda mai hatimi. Har karta an sa mata sule guda. Mutanen Amurka suka ce ba su da wakili a Majalisar da ta yi dokar, don haka ba ta da ikon taɓa aljihunsu. A birnin Boston aka yi mutum-mutumin wanda aka naɗa ya sayar da takardun, mai suna Andrew Oliver, aka rataye a itace, aka fasa masa gida, ya ajiye aikin. Wata jarida a Filadalfiya ta buga hoton ƙoƙon kan matacce a matsayin hatimin. Kafin ranar fara dokar ta zo, kusan duk masu sayarwa sun yi murabus. Cikin Maris 1766 aka soke dokar, amma ɓarakar ba ta ɗinku ba, har cikin 1776 suka ce sun fita daga mulkin Ingila. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da ya ke yawancin takardun nan ba a yi aiki da su ba, wadda ta tsira da hatiminta da rubutunta tana cikin abubuwan da masu tarawa ke nema ido rufe.

To, ina zane ya shigo? Kan sarki kuɗi ne a wata siffa, ɓarayinsa kuwa iri biyu ne. Akwai mai buga jabu, akwai kuma mai wanke wanda aka riga aka yi aiki da shi, ya sake sayarwa. Maganin na farko ya samu ne a hannun wani Ba'amurke mai suna Jacob Perkins, wanda ya tafi Ingila cikin 1819. Ga yadda a ke yi. Gwanin zane zai ɗauki ɗan guntun ƙarfe mai taushi, ya yi ta yankar layuka a kansa da tsinin alƙalamin ƙarfe, kome kuma a juye ya ke yinsa, dama ta koma hagu. Fuska guda ta kan ci masa makonni. In ya gama, sai a gasa ƙarfen ya yi tauri, a mirgina wani gangaren ƙarfe mai taushi a kansa ya ɗauki siffar, shi ma a taurara shi, sa'an nan a yi ta mirgina shi a kan babban faranti har siffar ta fito sau da yawa, ba wadda ta bambanta da 'yar'uwarta. Wajen bugawa a kan shafe farantin da tawada, a goge samansa, tawadar ta saura cikin kwarin layukan kaɗai, a matsa takarda mai ɗan laima a kai. Shi ya sa in ka shafa irin wannan kan sarki da farce za ka ji zanen ya ɗan taso.

Gefen hoton kuma wani inji ne ke zana shi, layuka siri siri suna shiga juna suna fita kamar ɗinkin wuyan babbar riga, hannun mutum ba ya iya kwaikwayonsu. Fuskar sarki da a ke sawa a tsakiya ita ma tsaro ce, gama ido ya saba da fuska, da an kuskure layi guda a hanci ko a ido sai a ga mutumin ya sake kama. Da wannan hanya kamfanin Perkins ya buga kan sarkin wasiƙa na farko a duniya cikin 1840, baƙi, na kwabo guda, mai kan Sarauniya Biktoriya, guda 240 a kowane falle, watau na fam guda daidai. Nan da nan ɓarawo na biyu ya fito, aka ga mutane suna wanke jan tambarin gidan waya daga jikinsa. Cikin 1841 sai aka mai da kan sarkin ja, tambarin ya koma baƙi. Cikin 1853 Ingila ta fito da kan sarki mai danƙo na kwabo guda domin rasit, kamfanin De La Rue ya buga. Wannan kamfani ya yi suna da wata tawada wadda da an sa mata ruwan wanki sai ta zuba, kan sarkin ya lalace a hannun ɓarawo.

Inda zanen kan sarkin haraji ya kai matuƙa shi ne Amurka, yaƙi ne kuma ya sake jawo shi. Da yaƙin basasa ya tsananta, Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar haraji ran 1 ga Yuli 1862, aka ba kamfanin Butler & Carpenter na Filadalfiya aikin bugawa, da fuskar Washington a tsakiya. Da fari kowace irin takarda da nata kan sarkin, na cek dabam, na jingina dabam, na wayar tangaraho dabam, na karta dabam. Amma ba a iya wadata ƙasa da kowane iri ba, kafin shekarar ta ƙare aka sassauta, aka ce yawancinsu wani ya iya tsaya wa wani. Aka sa haraji a kan ashana da magunguna, har da hotuna daga 1864 zuwa 1866. Aka kuma yarda wa masu yin ashana da magani su biya a zana musu nasu kan sarkin da sunansu a jiki, su sami rangwame, ya zama musu talla. Waɗannan sun kai iri ɗaruruwa, sun fi wuyar samu kuwa, domin a bakin kwali ko kwalba a ke manna su, mai buɗewa ya yage.

Masu wanki ba su bar Baitulmalin Amurka ya huta ba, saboda haka cikin 1871 aka sake fito da sababbi masu launi biyu. Manya biyu daga cikinsu, na dala 200 da na dala 500, launi uku uku aka yi musu, da ado cunkus har masu tarawa suka sa musu suna Dardumar Farisa. Guda 446 aka fitar na dala 200, na dala 500 kuwa guda 210 kaɗai. Don ka gane girman kuɗin, dakaren soja a farkon yaƙin dala 13 ya ke samu a wata, albashinsa na shekara uku ke nan bai kai kan sarki guda ba. Ba a bukatarsa sai a cinikin dukiyar da ta kai dala dubu 500. Cikin 1872 kuma aka soke harajin yawancin takardu, ya zamana shekara guda kurum ya yi yana aiki. Yadda aka san yawan irin waɗannan kuwa, littattafan lissafin masu bugawa ne suka tsira, wata ƙungiyar masu tarawa ta Boston ta bi su dalla dalla ta fitar da littafi cikin 1899. Akawun da ya cika littattafan nan bai san yana rubuta tarihi ba, ya dai yi aikinsa da tsabta.

Mu ma muna da namu a cikin wannan labari. Daga 1881 Ingila ta yarda kan sarki guda ya yi aikin wasiƙa da na haraji, ƙasashen da ta mallaka da yawa suka bi. Nijeriya ta Arewa ta sami nata cikin 1900 da kan Sarauniya Biktoriya, cikin 1902 aka sake da na Sarki Edward na Bakwai, ta kuma ci gaba da fitar da nata har zuwa 1914 da aka haɗa Kudu da Arewa. Cikin 1904 aka fito da wani na fam 25, kore da ja. Fam 25 kwabo dubu shida ne, ba wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi. Masana sun ce domin biyan kuɗin lasin barasa aka yi shi. De La Rue ne ya buga shi, ba da zane mai zurfi irin na Perkins ba, don haka darajarsa ta ƙaranci ce, ya kan kai fam dubbai a gwanjo. Ƙananan kuwa kowane ɗan kasuwa ya san su, gama a ƙarƙashin dokar 1939 rasit na fam biyu ko fiye sai an manna masa na kwabo biyu, mai karɓar kuɗi ya sa hannu a kai.

Wannan sa hannu ya haifi ɓarawo na uku, wanda mai tarawa ya ke cuta. Masu tara na wasiƙa sun daɗe suna raina wanda aka soke da alƙalami, sun fi son sabo ko mai tambarin gidan waya. Sai mayaudara su wanke rubutun, ko su buga tambarin ƙarya a kai, su sayar da tsada. Rainin nan ya sa aka yi watsi da kan sarkin haraji shekaru da yawa. Littafin da wani Bafaranshe mai suna Forbin ya fitar cikin 1915 ya daɗe shi ne madogara a kan na duniya duka. Daga baya aka farga, aka kafa ƙungiyar masu tara shi a Amurka cikin 1947, a Ingila kuma cikin 1990.

Abin da masana suka gane shi ne kan sarki a jikin takardarsa ya fi wanda aka ɓamɓare amfani nesa ba kusa ba. Wanda aka cire, kuɗinsa da launinsa kaɗai zai faɗa maka. Wanda ke a mazauninsa kuwa zai gaya maka wa ya sayar, wa ya saya, nawa aka biya, a wane gari, ran nawa ga wata. Ga shi kuma yana ta ƙarewa. Amurka ta daina manna shi a takardun ciniki a ƙarshen 1967, Ingila ta soke na rasit cikin 1971, a Nijeriya kuma dokar kuɗi ta 2019 ta sa a cire naira 50 ta banki in kuɗin da aka tura ya kai naira dubu 10, ba takarda, ba danƙo, ba zane.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwatin tsofaffin takardu ya faɗo hannunka, na gado ne ko na ofis, kada ka yi gaggawar sa masa wuta, kada kuma ka jiƙa takarda don ka cire kan sarkinta. Shimfiɗa su a miƙe tsakanin fallayen takarda mai tsabta, ka nisanta su da laima da rana da gara, ka rubuta inda ka same su. Mai yiwuwa ne ba wanda zai kawo maka dukiya a cikinsu, gama na fam 25 allura ce cikin ruwa. Amma rasit na kwabo biyu mai ɗauke da hannun kakanka shaida ne na cinikin da aka yi a garinku, in ya ƙone kuwa ba inda za a sami wani.