Lauje Cikin Naɗi: Yadda Turawan Ingila Suka Kafa wa Yaudara Doka

A zaman duniya, wanda ya yaudare ka ba ya samun godiya. Amma kusan shekara ɗari ke nan mutanen Ingila na sayen jarida da safe don a yaudare su, kuma in yaudarar ta yi armashi su yaba wa mayaudarin. Wasan da ake wannan cinikin a kansa shi ne na cike gurabe da kalmomi masu giciye, musamman nau'insa mai lauje cikin naɗi, wanda ake ɓoye amsa a cikin jimla mai fuska biyu. Tarihin wannan nau'i ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: ina iyakar ɓad-da-sawu, ina kuma ƙarya ta fara?

A Amurka aka haifi wasan. Ranar 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta buga wani zane mai ƙananan gidaje, kowane gida na jiran harafi ɗaya. Wanda ya tsara shi, Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ne, ya kuma raɗa masa suna Word-Cross, daga baya sunan ya juye ya koma Cross-Word. Ishararsa ba ta da kwana-kwana: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafi guda na irin waɗannan wasanni, da fensir maƙale a jikinsa, sai abin ya zama ruwan dare. A shekarar ce Sunday Express ta Landan ta ɗauka, Daily Telegraph ta biyo baya a 1925, The Times kuwa sai da ta ja aji har 1930.

Da wasan ya zauna a Ingila sai ya sauya hali. Wanda ya fi kowa hannu a wannan sauyi shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya juya Dare Dubu da Ɗaya daga Faransanci zuwa Turanci. Daga 1926 ya fara ƙulla wasa wa jaridar The Observer, inda kowace ishara ke ɗauke da dabara: wasa da sauti, cakuɗa haruffa, habaici ga tsofaffin littattafai. Laƙabin da ya zaɓa ya isa shaida a kan niyyarsa. Ya kira kansa Torquemada, sunan shugaban kotun binciken aƙida ta Sifen a ƙarni na 15, kotun da ta yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane. Masu warwarewa sun ji daɗin azabar, sai dai wasan ba shi da ƙa'ida tsayayya. Wata ishara babu ma'anar amsa a cikinta sam, wata kuma sai wanda ya karanta irin littattafan da Mathers ya karanta zai gane inda ta dosa.

Malaman makaranta biyu ne suka kawo doka. Na farko shi ne Alistair Ferguson Ritchie, shugaban makarantar Wells Cathedral, wanda ya haɗa farkon sunayensa ya sami Afrit, wato ifiritu. A littafinsa Armchair Crosswords na 1949 ya shimfiɗa sharaɗin da har yau ake komawa gare shi. Taƙaicensa shi ne, mai ƙulli yana da damar ya sa jimlarsa ta yi kama da tana zancen wani abu dabam, amma tilas ainihin umarninsa ya kasance a rubuce a cikinta, kalma da kalma. Na biyu shi ne Derrick Somerset Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital, wanda ya gaji Mathers a The Observer bayan rasuwarsa a 1939. Shi ma sunan wani shugaban waccan kotu ya ara, Ximenes. Littafinsa na 1966, Ximenes on the Art of the Crossword, ya zama kundin tsarin mulkin wasan. Magajinsa Jonathan Crowther, wanda ya karɓa a 1972, ya juya sunan wani shugaban kotun, Deza, ya koma Azed. Shi ya dunƙule dokar zuwa abu uku: ma'anar amsa daidai, hanya ta biyu mai adalci da za ta kai ga amsar, sannan kada a ƙara komai.

Ana iya ganin yadda dokar ke aiki ko da Hausa. Ga wata ishara da na ƙulla: "Mai haushi ya farfasa rake (4)". Lambar ƙarshe adadin haruffan amsa ce. Fuskar jimlar ta nuna maka mutum a fusace yana huce takaici a kan rake, kuma wannan hoton shi ne tarkon. Yanzu a raba ta gida biyu. "Mai haushi" ita ce ma'ana, haushin nan kuwa na dabba ne. "Farfasa" umarni ne cewa a wargaza haruffan kalmar da ke biye. Wargaza r, a, k, e ka sake jera su, sai ga KARE. Hanya biyu sun haɗu a wuri ɗaya, babu kalmar da ta zauna a banza, kuma babu inda aka yi maka ƙarya. Kai ne ka zaɓi haushin da ba shi ba.

Ga wata dabarar: "Birni a cikin gonar da aka noma (4)". A nan "a cikin" ne umarnin. Dubi ƙarshen "aka" da farkon "noma", za ka ga KANO kwance a fili. Akwai kuma juyi: "Umarni ya juyo, sai kwalliya (3)". Umarni oda ce, juya ta ka sami ADO. Akwai ma'ana biyu a jere: "Rashin ruwa launi ne (4)", amsa FARI. Da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kalmomi irin su fari, gari da haushi sun yi mana yawa, kuma su ne jarin mai ƙulli. Wanda ya taso da kacici-kacici da zaurance ba baƙo ba ne a wannan fage.

Ba kowa ne ya miƙa wuya ga Ximenes ba. Akwai wata shahararriyar ishara ta Turanci da ba ta wuce haka ba: "HIJKLMNO (5)". Haruffa ne daga H zuwa O, kuma a Turanci kalmar "zuwa" da kalmar "biyu" sautinsu ɗaya, don haka abin ya zama H2O, amsa WATER, wato ruwa. Masu bin Ximenes za su ce babu ma'ana a cikinta, saboda haka ta karya doka. Masu sassauci za su ce duk wanda ya gano ta bai ji an zalunce shi ba. Jagoran masu sassaucin shi ne John Graham, limamin coci da ya ƙulla wa The Guardian wasa tun 1958, wanda aka fi sani da Araucaria, sunan wata bishiya. Yakan tsallake ƙa'ida idan dariya ko hikima ta biya kuɗin tsallaken. Duk da haka ɓangarorin biyu ba su taɓa saɓawa a kan tushe ba: bayan an ga amsa, dole mai warwarewa ya iya cewa lallai an faɗa masa, shi ne bai ji ba.

Wannan amana ta kai inda ba a zata ba. A Janairun 1942 Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin minti 12, daga baya hukumomin yaƙi suka tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen don aikin fasa saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park. A Disamban 2012 kuma Araucaria ya sanar da masu bibiyarsa rashin lafiyarsa ta cikin wasa a mujallarsa 1 Across, The Guardian ta sake buga shi a Janairun 2013. Sunan cutar, wato kansa, da inda ta kama, wato maƙoshi, da irin jinyar da ake masa, duk amsoshi ne da sai ka warware da hannunka za ka sani. Ya rasu a Nuwamban 2013 yana da shekara 92. Mutumin da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ɓad da sawun masu karatunsa bai sami hanyar da ta fi wannan ba ta faɗa musu gaskiya.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ɗabi'a sarai. Kwamfuta tana bin abin da ka rubuta ne, ba ruwanta da abin da ke ranka, kuma ishara mai kyau haka ake karanta ta: ka ture labarin da ke fuska, ka bi umarnin da ke ƙasa. A 2021 wata manhaja mai suna Dr. Fill ta fi kowane ɗan'adam maki a babbar gasar wasan ta Amurka, inda cike gurabe daidai da sauri shi ne ma'auni. A al'adar Ingila kuwa cike gurbi rabin aiki ne. Gwanaye ba sa ɗaukar ishara ta warwaru sai sun bayyana aikin kowace kalma a cikinta: wannan ma'ana, wannan umarni, wannan kayan haɗi. Idan bayani ya kammala babu ragowa, mai ƙulli ya fita. Idan kalma ɗaya ta rage babu aikin yi, to ɗayan biyu ne: ko amsarka ba daidai ba, ko mai ƙulli ya ci amana.

Ga guda ta gwaji, kowace kalma a cikinta tana da aiki: "Makami ya dagula kaba (4)".