Motar da Ake Ja da Igiya: Daga Fijon Kakuri Zuwa Motar Lantarki

Maƙalar wannan mako kan mota ce, amma ba kan gudunta ba, kan yadda ake jan ta idan ta tsaya.

A Amurka akwai wata irin mota mai girman bas wadda aka mayar da cikinta gida: gado, kicin, banɗaki, har da falo. Yawanci dattawan da suka yi ritaya ne ke saye, su yi ta yawon ƙasa. Da yake ba ta shiga lungu, sai su ɗaure ƙaramar mota a bayanta da sandar ƙarfe, tayoyinta huɗu a ƙasa, babu kowa a ciki. In an yada zango, a kwance ƙaramar a tafi cefane. Mu nan ba mu da wannan al'ada. Wanda ya fi kusa da ita shi ne direban tirela da ke kwana a bayan kujerarsa a Mararrabar Jos ko Tafa, shi kuwa ba hutu ya fito ba. Amma jan mota da mota mun san shi, kuma mutumin Kakuri ya fi kowa dalilin saninsa.

Kakuri unguwar ma'aikata ce tun kafin a haifi iyayen da yawanmu. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki, a 1964 aka kafa DICON mai ƙera makamai, UNTL ma ta zo a wannan tsakanin. Mota ta biyo baya. A 1972 aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Peugeot na Faransa, a 1975 kuma, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar ta fara fitar da motoci. A wancan lokaci gwamnati ta rarraba irin waɗannan masana'antu: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Rabon Kaduna shi ne Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan motar. Jiragen kamfanin UTA kan taso daga birnin Liyon na Faransa su sauka a Kano, daga nan a loda kayan a manyan motoci zuwa Kaduna. Ku duba fa, mota guda, amma sai da ta hau jirgi ta hau tirela kafin tayarta ta taɓa kwalta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda raunin yake: haɗawa muke yi, ƙirar tana can.

Tauraruwar masana'antar ita ce 504. An fara yin ta a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma bayan Turawa sun daina yin ta an ci gaba da haɗa ta a Kakuri har wajen 2006. Ita ce motar babban sakatare, ita ce motar 'yan sanda, doguwarta ce motar haya daga Kaduna zuwa Sakkwato, akori-kurarta kuma ta ɗauki masara da shanu har ta gaji. Abin da ya sa ta karɓu ba kyau ba ne kawai. Tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada, kuma bakanike na ƙarƙashin bishiya yana iya warware ta ya mayar da sifana da sukundireba.

In ta mutu a hanya fa? A nan igiya ke shigowa. Mota ce mai giyar hannu. Ka sa ta a firi, injin ya rabu da tayoyi, ta zama amalanke. A ɗaura mata igiya ko sarƙa, wani ya zauna a sitiyari, a ja ta har gareji. Aikin ba wasa ba ne. Injin a kashe yake, don haka birki ya yi tauri, dole a taka da ƙarfi. Na baya ne ke riƙe da ran tafiyar: in ya bar igiya ta yi sako-sako, da na gaba ya fizga sai ta tsinke, in kuwa ya yi jinkirin birki sai ya daki bayan mai taimakonsa. Shi ya sa akan ɗaura tsohuwar taya a tsakani, ko a zura igiyar cikin bututun ƙarfe. Janwe sai abin ya yi tsanani, sai haɗari ko karyewar ƙafa. Duk wanda zai rubuta labarin tafiya ya lura da wannan wuri: mutum biyu, mota biyu, igiya ɗaya, ba sa jin maganar juna sai hannu ta taga. Na karanta littattafanmu da dama inda mota ke lalacewa don saurayi ya haɗu da budurwa, ban cika ganin wanda ya tsaya ya nuna yadda aka kai motar gida ba.

Sauran tarihin kun san shi, ba sai na ja ba. Tsarin SAP na 1986 ya karya naira, sassan waje suka yi tsada, motocin Kwatano suka cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. An sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin Peugeot a 2006, bashi ya kai shi hannun AMCON a 2012. A 2022 wata sabuwar masana'anta ta Dangote ta fara haɗa Peugeot a kan hanyar Abuja.

Motocin Kwatano sun zo da darasi na farko. Da yawansu masu giyar otomatik ne, kuma famfon da ke zagaya mai a cikin giyabos ɗinsu injin ne ke juya shi. Ka ja irin wannan mota da nisa injin a kashe, ƙarafa na juyawa babu mai, ka kashe giyabos. Masu motar-gida na Amurka ma sun san haka, shi ya sa kafin su sayi ƙaramar mota sukan duba littafinta su ga ko an yarda a ja ta.

Motar lantarki ta zo da na biyu, kuma ya fi zafi. A yawancinsu babu kulochi, na'urar da ke juya taya a haɗe take da tayar kullum. Ka ja ta, tayar ta juya na'urar, na'urar ta koma janareta tana haifar da wuta da zafi, abin da zai iya ƙona kayan cikinta. Saboda haka kamfanoni irin su Tesla suka ce a ɗora ta bisa bayan babbar mota, kada a ja ta a ƙasa. In ita ce ke jan wata kuwa, nauyi da iska kan cinye kusan rabin tafiyar batirinta. Motar-gida ta lantarki da kamfanin Winnebago ya nuna a 2023 don gwaji, mil 108 take yi a caji ɗaya, wajen kilomita 174. Daga Kaduna za ta wuce Zariya, amma ba za ta ga Kano ba, kuma wannan ba ta ja komai ba ke nan.

Kada a ɗauka labarin nesa ne. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a Kaduna a 1966 ya tashi a Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatu (masu difloma irina sai mu ɗaga kai). Lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo yana cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu Keke Napep da 'yan acaba sun fara lissafin da a da ba su yi.

A ganina ƙananan ne za su riga shigowa, babur da keke da bas na cikin gari, waɗanda ke kwana kusa da soket. Doguwar tafiya da jan kaya za su daɗe a hannun dizal, a ƙasar da wutarta gaba ɗaya ke kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Amma ko ƙananan sun isa su taɓa abincin bakaniken Kakuri. Motar da ba ta shan baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da kafireto, ta rage masa aikin yau da kullum. Ranar da ta tsaya a gadar Kaduna kuma, yaron da ya aika da igiya zai dawo ya ce masa sai an nemo mota mai shimfiɗaɗɗen baya, kuma mai ita kuɗi yake so kafin ya tayar.