Ɗebe kewa

ɗebe kewa (fi'ili da suna): rage wa zuciya nauyin kaɗaici ko begen wanda ya yi nisa. Misali: Ƙanwarta ta zo ta ɗebe mata kewa tun da maigidan ya tafi ci-rani.

Ana kuma faɗar sa ga duk abin da ke janye hankali daga ƙuncin rayuwa na ɗan lokaci: tatsuniyar dare, fim ɗin Indiya, littattafan soyayya da suka bazu daga Kano tun shekarun 1980, waɗanda mata da yawa ke karantawa a ɗaka bayan an gama aikin gida. Wasu kan kira wannan shiririta, kuma ba su yi adalci ba. Mai ɗebe kewa ya san bashi na nan, jinya na nan, numfashi kawai ya tsaya ya yi don ya iya ci gaba da ɗauka. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da labarai aku ya riƙa tsare ɗan sarki a gida, ya hana shi faɗawa hannun maƙiya.

Ɗebe kewa ya bambanta da gudun duniya, wato ƙaurace mata don ibada. Duba: kewa, nishaɗi, hira.