Ma'aunin Iskar Taya

Ma'aunin iskar taya, wanda direbobi da masu faci suka fi sani da geji, ƙaramar na'ura ce da ake danna wa a bakin bawul domin a san ƙarfin iskar da ke matse a cikin taya. Abin da yake nunawa shi ne ratar da ke tsakanin matsin cikin tayar da na iskar waje. Ana lissafa shi da PSI, wato nauyin fam a kan kowane murabba'in inci, ko da bar, ko da kilofaskal. Bar 1 daidai yake da kilofaskal 100, ko kimanin PSI 14.5. A Najeriya PSI ne ya zauna a bakin mutane: idan mai faci ya ce ya sa wa taya arba'in, PSI 40 yake nufi. A ƙasashen da suka gaji awon Faransa, irin su Nijar, bar aka fi amfani da shi. Kowace mota tana bukatar wannan awo, amma mai jif ko a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake ce wa fowil, ya fi kowa bukatarsa, domin shi ne yake rage iska da gangan, ya kuma mayar da ita, gwargwadon ƙasar da yake takawa.

Asali

Robert William Thomson, mutumin Sikotlan, ya yi rajistar tayar iska tun 1845, sai dai ba ta karɓu ba. John Boyd Dunlop ne ya sake ƙago ta a Belfast saboda keken ɗansa, ya samu rajista a 1888. A 1895 André da Édouard Michelin, wa da ƙane, suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da mota mai tayar iska. Bawul ɗin da ake gani a tayar mota a yau ya fito ne daga kamfanin August Schrader, Bajamushen da ya zauna a New York, kuma an yi masa rajista a 1893. Girman bakinsa bai sake ba, shi ya sa geji ɗaya yake shiga tayar babur, ya shiga ta Hilux. Cikin ma'auni mai allura kuwa ya girmi duk waɗannan in ban da tayar Thomson: lanƙwasasshen bututun da Eugène Bourdon, injiniyan Faransa, ya yi wa rajista a 1849 domin awon matsin tururi.

Ire-irensa

Iri uku ne a kasuwa. Na farko mai siffar biro. Iska tana tura wani ɗan fistan da ke danne da sifirin, shi kuma ya turo sanda mai lambobi waje. Yana da araha, ba ya cin batir, ba ya kuma damuwa da faɗuwa. Aibinsa ƙura. Idan ta shiga inda sandar take zamewa sai ta riƙa cijewa, awon ya riƙa ragewa ba tare da mai shi ya sani ba, kuma lambobinsa a cunkushe suke.

Na biyu mai agogo, wato mai allura. Iska tana shiga bututun Bourdon, bututun ya nemi miƙewa, motsinsa ya bi ta 'yan ƙananan haƙora ya juya allura. Yana da sauƙin karantawa, kuma mai kyau daga cikinsa yana daɗewa yana faɗin gaskiya. Abin da ba ya jurewa shi ne duka. Faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya gusar da haƙoran, daga ranar ya shiga ƙari ko ragi. Saboda haka ake sa wa wasu rigar roba, wasu kuma a cika fuskarsu da ruwan gilisarin mai kauri don ya kwantar da rawar allura.

Na uku mai lamba, na lantarki. Wani ɗan ƙaramin sashe da ke jin matsi yana mayar da shi siginar wuta, lambar ta fito a fuska. Ana karanta shi ko da dare, kuma ana iya juya shi daga PSI zuwa bar. Yana da abin ruɗi guda ɗaya. Ma'aunin da ya nuna 32.5 yana sa mutum ya ɗauka ya fi wanda allurarsa ta tsaya tsakanin 32 da 33 gaskiya, alhali yawan lambobi dabam, daidaito dabam. Ga shi batirinsa yakan mutu a ranar da aka fi bukatarsa, kuma zafin cikin motar da aka rufe a rana yana lalata fuskarsa.

Yadda ake zaɓe

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne iyakar lambobin da ke fuskar ma'aunin, kuma nan ne masu saye suka fi yin kuskure, suna ganin wanda ya kai 160 ya fi wanda ya tsaya a 60 ƙarfi. Ana faɗin daidaiton ma'auni mai allura ne da kaso cikin ɗari na dukan zangonsa. A ce ma'auni biyu kowanne an yarda masa kuskuren kashi 2 cikin 100. Mai zango 60 zai iya kaucewa da PSI 1.2, mai zango 160 kuwa da 3.2. Ga tayar tirela da ke ɗauke da sama da 100, wannan ba wani abu ba ne. Ga tayar jif da aka sassauto zuwa 16 domin yashi, kuskuren 3.2 kashi ɗaya cikin biyar ne na iskar baki ɗaya. Bugu da ƙari, irin wannan ma'auni ya fi daidai a tsakiyar zangonsa, ya fi kaucewa a farko da ƙarshe. Ƙa'idar ke nan: a nemi wanda matsin da ake aiki da shi kullum zai faɗo wajen tsakiyar fuskarsa. Ga Prado ko Land Cruiser ko Hilux da yawancinsu ke tafiya da talatin da 'yan kai, mai zango 60 ya wadatar. Wanda yake da tayoyin ɗaukar kaya masu alamar LT, waɗanda wasunsu ke kai wa 65 ko 80, sai ya nemi mai zango 100. Mai yawan shiga rairayi yakan ƙara da na biyu mai zango 30.

Sauran abubuwan ba su da wuyar ganewa. Allura ta kwanta a sifili kafin a fara. Ma'aunin ya kasance da ɗan tiyo mai lanƙwasuwa, domin bakin bawul a wasu wili yana ɓoye a bayan ƙarfe. Ya riƙe awon bayan an cire shi. Ya kasance da maɓallin sakin iska, wanda ke ba mutum damar rage iska yana kallon allura tana sauka, maimakon danna bawul da tsinken ashana yana cirewa yana sake gwadawa. Idan an buga lambar wani mizani a jikinsa, kamar EN 12645 na Turai ko ASME B40 na Amurka, alama ce mai kyau, ko da yake buga lamba a kwali ba ya yi wa mai jabu wuya.

A Abuja ana samun geji a shagunan kayan mota na Apo da Gudu da Zuba, da manyan shagunan sayar da taya, har ma a hannun masu talla a wuraren da go-sulo ke haɗuwa. Tsada ba ta zama shaida. Gwajin da mai saye zai iya yi a wurin bai wuce minti biyar ba: ya auna taya ɗaya sau uku a jere, ya ga ko amsar tana tsayawa wuri ɗaya, in ban da ɗan abin da ke fita a kowane dannawa. Sannan ya kwatanta da wasu ma'aunai biyu. Idan biyu sun yarda da juna, na uku ya yi gefe, an san mai ƙarya.

Gejin mai faci

Yawancin motocin birnin ba su taɓa ganin wani ma'auni ba sai na mai faci a bakin titi. Wannan geji yana aiki daga safe zuwa dare, yana faɗuwa, yana shan ƙura da ruwan kwano, kuma sau da yawa mai dogon zango ne saboda ana auna manyan motoci da shi. Laifin ba na mai sana'ar ba ne kawai. Direbobi da yawa su ne ke cewa a cika musu taya ta yi tauri, suna kallon lambar da ke gefen taya a matsayin abin da ya kamata a sa. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce. Abin da ya dace da motar yana rubuce a ɗan allon da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin mota, kuma galibi akwai lamba dabam ga tayoyin baya idan an yi lodi. Dukan taya da sifana ko danna ta da babban yatsa ba awo ba ne. Tayar zamani mai saƙar radiyal, wadda Michelin ya yi wa rajista a 1946, tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba.

Kwalta, burji da yashi

Wanda ya tashi daga Maitama zuwa gona a bayan Kuje ko Kwali ko Abaji yana taka ƙasa iri biyu ko uku a yini guda. Yana farawa da titin filin jirgi mai faɗi, ya ƙare a hanyar burji mai tsakuwa, wadda daga Afrilu zuwa Oktoba take komawa taɓo. Idan aka rage iska, tafin tayar da ke taka ƙasa yana ƙara tsawo, nauyi ya bazu, tayar ta riƙa lanƙwasa a kan dutse maimakon ta yi tsalle. A kan burji akan rage kaɗan, zuwa ashirin da 'yan kai. A cikin yashi mai laushi akan sauko zuwa tsakanin 15 da 18. Direbobin Hilux da ke fita daga Agadas zuwa Dirku ta hamadar Tenere sun daɗe da sanin wannan, haka ma masu shiga tuddan rairayi na Yusufari a jihar Yobe. Idan aka zarce ƙasa da haka, bakin taya yana iya zamewa daga wili a kan kwana, iska ta fice lokaci guda. Tazarar da ke tsakanin iskar da za ta fitar da mota daga yashi da wadda za ta cire mata taya 'yan PSI ne kawai, kuma ma'auni mai dogon zango ba ya iya rarrabe su.

Akwai wani dalili da ya keɓanta da fowil. Idan an haɗa gaba da baya, ana so tayoyin huɗu su riƙa juyawa daidai da juna. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana zama kamar ta fi sauran ƙanƙanta, bambancin kuma yana komawa kan giyoyin da ke raba ƙarfi, ya riƙa cin su a hankali.

Hatsarin ya fi yawa a lokacin dawowa. Taya mai ƙarancin iska idan ta hau kwalta aka taka mata wuta, gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa, zafi ya taru, roba ta fara rabuwa da wayoyin ciki, ta fashe. Don haka injin hura iska mai aiki da batirin mota abokin tafiyar geji ne, kuma a bakin kwalta ake tsayawa a mayar da iska, ba a garin gaba ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta ga abin da fashewar taya a guje ke yi wa babbar mota. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa sun rasu bayan tayar baya ta jif ɗinsu ta fashe. A watan Afrilu na wannan shekara likitoci shida daga jihar Ekiti, a hanyarsu ta zuwa taro a Sakkwato, suka rasu a wani hatsarin a kan wannan hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙara matsa wa masu motoci lamba kan lafiyar taya bayan waɗannan, musamman shekarunta. Ana karanta shekarun ne daga lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021.

Lokacin awo

Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wato wadda ta huta kimanin awa uku, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu ba. Iska tana kumbura da zafi. Duk ƙarin digiri 10 na Salshiyas yana ɗaga awon da kusan PSI 1.5. A Abuja, inda safiyar hunturu ke sauka ƙasa da digiri 20, ranar Maris kuma ta haura 35, tayar da aka auna da asuba da wadda aka auna da azahar ba za su ba da amsa ɗaya ba. Tafiyar awa guda tana iya ƙara PSI 4 ko fiye. Direban da ya tsaya a Gwagwalada ya ga lamba ta hau, ya saki iska don gudun fashewa, ya jawo abin da yake gudu ne, domin in tayar ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Hawan tudu ma yana taɓa awon kaɗan: a Jos, da ke sama da mita 1,200, iskar waje ta fi ta Abuja sauƙi, geji yakan nuna ƙarin kusan PSI 1, sai dai sanyin garin yana cinye shi.

Motoci da yawa da ake shigowa da su suna da fitilar gargaɗin iska a dashbod. Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci daga 2007, sakamakon dokar da ta biyo bayan haɗurran tayoyin Firestone a jikin Ford Explorer, Tarayyar Turai kuma daga 2014. A tsarin Amurka fitilar ba dole ta kama ba sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, kuma batirin da ke cikin na'urar kowane wili yana ƙarewa bayan wasu shekaru, shi ya sa a tsofaffin motoci ake ganin ta kunne dare da rana har direba ya daina lura da ita. Lafiyayyar taya ma tana tsiyayar kusan PSI 1 a wata, saboda haka awo sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya shi ne mafi ƙanƙanta. Safaya tana cikin lissafi. A Hilux tana rataye ne a ƙarƙashin bodi, sau da yawa bawul ɗinta yana kallon sama, sai an sauke ta kafin geji ya kai gare shi.