Tsofaffin gidajen Birni a Damagaram da kalmomin magina

Unguwar Birni ita ce tsohuwar cibiyar Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, tsakiyar ƙarni na 19, aka kewaye ta da ganuwa, manya kuma suka gina soraye da arzikin fataucin hamada. Daga bisani Turawan Faransa suka mai da garin hedikwatarsu, har 1926 da suka koma Yamai. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin wuraren tarihi da take neman amincewar UNESCO.

Mai zagaya unguwar zai ga zauruka, da zankwaye bisa kusurwoyi, da zane a fuskar bango. To, amma ginin ƙasa sai da yaɓe bayan damina. In aka bari, ruwa ya ci shi. In aka shafe shi da siminti, laima ta zauna cikin tubali.

Abin da aka fi mantawa shi ne harshen maginan. Azara, makuba, bakan gizo, ɗaurin guga: waɗannan ba su rayuwa sai a bakin mai aikin. Wajibi ne a ɗauko su daga tsofaffin magina, kowace da bayanin aikinta, a shigar da su littattafan yaƙi da jahilci.