Waƙar da Ba Ta Hau Faifai Ba: Labarin Azna de l'Ader

Wani mai karatu daga unguwar Bukoki a nan Yamai ya aiko da tambaya game da wata waƙa da ya riƙa ji a Muryar Sahel cikin shekarun 1980, wadda jita ke kuka a cikinta ana rera baitoci da Hausar Adar, yana neman a gaya masa sunan faifan da ta fito a kai domin ya neme shi. Sifar da ya bayar ba ta dace da kowa ba face ƙungiyar Azna de l'Ader ta garin Tawa da shugabanta Mona. Amma jawabin mas'alarsa mai ɗaci ne, domin a zamanin da yake magana babu wani faifai da waƙoƙin mutanen nan suka hau, ƙarami ko babba.

Dalilin haka yana ga halin da sana'ar kiɗa ta sami kanta a ƙasarmu. Alhali a wancan zamani Gini tana da kamfanin Syliphone na hukuma, Kwatano tana da ma'aikatar Satel inda ake buga fayafayan ƙungiyar Poly-Rythmo, Legas kuma tana da EMI da Decca, har Bamako ta ga Rail Band ta kafu a 1970 ta shiga fayafayi ba da jimawa ba, Nijar ba ta mallaki wurin buga faifai ba, saboda haka duk makaɗin da ya so muryarsa ta wuce filin biki, ba shi da ƙofa sai ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai. A can ake naɗe waƙa a kan zare, a sa ta a iska gwargwadon yadda mai gabatar da shiri ya ga dama, sa'an nan a mayar da ita kan kanta. Idan wani ya yi azama ya kwafe ta a kaset daga akwatin rediyonsa, to, ta sami rai na biyu a tasha da shagon mai shayi, in kuwa ba a samu ba, shi ke nan.

Azna ta kafu a Tawa cikin shekarun 1970, lokacin da ƙasa ke fitowa daga babban fari, soja kuma suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kountché ranar 15 ga Afrilu 1974. Hukumar wancan zamani ta ba da himmarta ga Samariya da bukin matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke kawo 'yan rawa da mawaƙan gargajiya su yi gasa, kuma ba na musun alherin da wannan tsari ya yi wajen haɗa kan al'umma. Sai dai saurayin da ya rataya jitar lantarki, ya murɗa amsa-kuwwa har sauti ya dusashe da gangan, ya kuma raɗa wa ƙungiyarsa sunan mabiya al'adun kakanni na Adar a cikin garin malamai, ba shi ne irin wanda ake turawa ya wakilci jiha ba.

A nan ne saɓani ya shiga tsakanin masu ba da labarinsa. Riwaya ta farko, wadda ta fi yaɗuwa a bakin baƙi da 'yan boko, ita ce Mona ya ji Jimi Hendrix, gwanin jitar Amurka da ya rasu a Landan cikin Satumba 1970, ya kwaikwaye shi, har aka yi masa laƙabi da Hendrix na Sahara. Kuma masu wannan ƙauli suna da hujja, domin kaifin sautin da tsawon sarrafa tsirkiya ba tare da waƙa ba duk daga can aka aro su, wanda ya musanta haka ya yi jayayya da kunnensa. Riwaya ta biyu tana cewa kayan aikin ne baƙi, amma ginin kiɗan na gida ne, kuma ita nake rinjayarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake goge da ƙwarya ya san yadda mai goge ke kama gajeriyar jimla guda ya yi ta maimaita ta, yana ƙara mata zafi kaɗan-kaɗan, masu ƙwarya na matsa masa, har jama'a su fita hayyacinsu. Wannan tafarki shi nake ji a ƙarƙashin jitar Mona, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya tashi a ƙasar da ta haifi makaɗi Ɗan Gurmu. A ganina laƙabin nan, duk da an yi shi da niyyar yabo, ya zalunci mai shi, gama ya mayar da aikinsa taƙlidi tsantsa, alhali abin da ya yi ya fi kusa da ijtihadi: ya ɗauki asalin da ya gada ya fitar da sabon hukunci da shi a kan kayan da kakanninsa ba su sani ba.

Akwai kuma masu ɗora laifin ɓoyuwar ƙungiyar a kan mutanen Yamai, wai sun fifita makaɗan babban birni. Ban ɗauki wannan da nauyi ba, domin Azna da kansu sun lizimci Tawa, ba su cika yawo ba, kuma rashin faifai bai bar na birni ba balle na jiha. Shaida a kan haka ita ce Mamman Sani, wanda a Yamai yake zaune, kiɗan organ ɗinsa kuma ya shekara da shekaru yana fita a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, kowa ya san sautin, kaɗan ne suka san sunan mai shi.

Abin da ya biyo baya a taƙaice yake. An kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987 don ƙarfafa kiɗan zamani, aka buɗe cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, Sa'adu Bori da Musa Pusi suka fitar da faifan Niamey Twice a 1994, ƙungiyar Mamar Kassey ta kafu a 1995 ta kai kiɗan Nijar Turai. Azna kuwa sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, wanda ya riga ya sake buga aikin Mamman Sani a 2013, ya tattara abin da aka naɗa musu a shekarun 1980 ya fitar da shi da sunan Zabaya, sa'an nan suka sami faifansu na farko, bayan ƙungiyar ta yi kusan shekara 40 tana kiɗa.