Yadda kwamfutar gem ta dawo tafin hannu

1/
Wani ƙanena ya shafe kusan shekara yana tara kuɗi. Jiya ya turo min saƙo: "Yaya, Steam Deck zan saya ko ROG Ally?" Na ce masa tsaya tukuna, kada ka yi asarar guminka. Amsar tana cikin tarihin na'urorin nan, kuma tarihin da faɗuwar wani kamfani ya fara. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsayi 🧵

2/
Gem na hannu ba sabon abu ba ne. Tun 1989 Nintendo ya fito da Game Boy, mu kuma da ɗan gem ɗin nan mai jera bulo muka tashi. Amma manyan wasannin kwamfuta irin su GTA, sai kana da tebur da wuta da fanka.

3/
A 2016 wani ƙaramin kamfani a Shenzhen ta ƙasar Sin, GPD, ya fito da GPD Win: cikakkiyar Windows 10 a allo mai inci 5.5, har da ɗan kibod. Kuɗin ƙera ta ma jama'a ne suka haɗa ta intanet. Ta yi aiki, sai dai injinta Intel Atom ne, da ka ɗora mata babban gem sai ta fara nishi. A 2017 Nintendo Switch ta fito, kowa ya ga lallai akwai kasuwa.

4/
To ga faɗuwar da na ce. Valve shi ne mai Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta. A 2015 ya fito da Steam Machine, akwatin gem na falo mai aiki da SteamOS, wato Linux. Matsalar ita ce kusan duk wasanni don Windows aka rubuta su. Ga akwati, babu abin bugawa. Kaya suka yi kwantai.

5/
Valve bai watsar da Linux ba. A 2018 ya saki Proton, manhajar da ke aikin tafinta: gem yana magana da yaren Windows, ita kuma tana fassara wa Linux nan take. A lokacin ban da 'yan Linux ba wanda ya damu. Ni kaina na ɗauka wahalar banza ce. Ashe tushe ake ginawa.

6/
Fabrairun 2022 Steam Deck ta fito a dala 399. Shugaban Valve, Gabe Newell, da kansa ya ce farashin ya yi musu ciwo. Me ya sa suka iya? Domin ba a jikin na'urar suke neman riba ba. A yawancin wasannin da aka saya a Steam suna da kashi 30 cikin 100. Injinta ba wani dodo ba ne, amma ka danna maɓalli ta yi barci, ka dawo bayan sallar isha ka ci gaba daga inda ka tsaya. Wannan ɗan abin wallahi shi ya saye mutane.

7/
Sai manya suka shigo. Yunin 2023 ASUS ya kawo ROG Ally a dala 699, da Windows 11, inji mai ƙarfi da allo mai kaifi fiye da na Deck. Amma batirinta daidai yake da na Deck, 40Wh, ga inji mai cin wuta. A babban gem da kyar take kai awa biyu. Ga Windows, wadda don linzami da kibod aka yi ta, kana fama da ita da ɗan yatsa. A 2024 suka gyara da Ally X, batir ya ninka zuwa 80Wh. Lenovo ma ya kawo Legion Go mai allo inci 8.8, hannayenta na cirewa kamar na Switch, sai dai nauyi, kusan giram 850.

8/
A 2025 aka raba gardama. Lenovo ya fito da Legion Go S iri biyu, ɗaya da Windows, ɗaya da SteamOS. Masu gwaji suka ɗora su a kan inji iri ɗaya, wasanni da yawa suka fi gudu a SteamOS. Ku duba fa, wasan Windows ya fi gudu ta hanyar tafinta! A Oktoban shekarar Microsoft da ASUS suka fito da ROG Xbox Ally, an rage wa Windows kaya don ta dace da hannu.

9/
Duk da haka ban ce wa yaron ya sayi Deck ba. Na tambaye shi me zai buga, ya ce "Ƙwallo mana, Yaya." To a nan gizo ke saƙar. EA FC da Fortnite da Valorant ba sa tashi a SteamOS, saboda manhajarsu ta kama masu maguɗi ba ta yarda da Linux ba. Sai dai ka ɗora wa Deck ɗin Windows, ka rasa daɗin da ya sa ka saye ta.

10/
Ga kuma halin wutarmu, batir ba abin wasa ba ne. Sannan Valve ba ya sayar da Deck kai tsaye a Najeriya, hannun 'yan kasuwa za ka bi, in ta lalace kai da mai gyara ne. Na ce masa Ally X ce tasa. Ya yi lissafi, ya ce saura wata huɗu kuɗin su cika.